Tagar da Na Toshe da Kwanuka

Ni ban yi boko ba, da baki nake ba da labarin nan ana rubutawa. A shekarun da ake ta raɗe-raɗin Bature zai tattara ya tafi, ina aure a Rano, da 'ya'ya biyu da cikin na uku. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk abin da na samu a jeren kwanuka yake ƙarewa. Ba yabon kai ba, a unguwarmu babu ɗakin da ya kama ƙafar nawa. Fanteka kan fanteka har rufi, ga langa, ga farantai manne a bango, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Da wurin jerawa ya ƙare mini, sai na cusa tsumma a 'yar tagar ɗakin, na kafa katako, na jera kwanuka a gabanta. Maigidana ya ce na mai da ɗaki rumbu, na ce masa ina namiji ya san ado.

Da na haihu, aka ɗauko innata daga Zurgu a kan jaki don ta yi mini zaman jego. Ashe ta daɗe tana fama da tari, ta hana a gaya mini. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗan lungun da ya rage tsakanin gado da jere. Ga zafin bazara, ga kaskon wutar mai jego ba ya mutuwa. Kwana uku da zuwanta ta ce da ni, idonta a ƙasa, ko zan sauke kwanukan taga iska ta ɗan shigo, ƙirjinta ya yi nauyi. Na ce ta yi haƙuri, suna ya matso, matan Kibiya da na Yalwa duk suna tafe, in aka sauke gefe guda jeren ya karkace. Ta yi 'yar dariya, ta ce to uwar ɗaki, Allah ya kai mu, kwano dai ba ya tari. Ni ce 'yar farinta. Kun san kunyar da ke tsakani, ko sunana ba ta kamawa, balle ta roƙe ni abu sau biyu.

Ranar suna mata suka cika ɗaki suna ta yaba jere, ita kuwa tana gindin darbejiya a tsakar gida tana sauke numfashi da ƙyar. Kashegari ta ce a mai da ita gida, kajinta ba mai kula. Ban ce ta zauna ba. Ko arba'in ban yi ba aka aiko ta rasu.

A ɗakinta na yi zaman makoki, ɗakin da nake rainawa ina cewa na talauci. Tabarma ce, da buta, da randa a kusurwa, sai daɓe a share ƙal, bango ya sha farar ƙasa. Iska na shiga tana fita yadda ta ga dama. Kwana bakwai na yi a ciki, jikina ya sake, kaina ya daina sara. A nan na gane irin wurin da ta baro saboda ni, da irin wanda na ba ta.

Malamai sun ce mini ajali ne, na kuma yarda, ba na ja da ikon Allah. Amma yanzu na tsufa, na gaji, matan da suka yaba jeren duk sun riga ni, kayan kuma na rabar da su tuntuni, tarin nan ne kawai bai bar kunnena ba. 'Yan mata, ku yi adonku, ban hana ba. Ku dai bar wa ɗaki wurin da mutum zai shaƙi iska, kuma in mai kunyarku ya roƙe ku abu sau ɗaya, ku ɗauka ya roƙa sau goma. Da na dawo daga Zurgu, ni kaɗai na sauke kwanukan tagar nan. Ruwan wankan da na ɗora bai ko tafasa ba na gama.