Robar da na ɗaure wa injin wankin yayana

Ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ba na jin zan manta ranar da na kusa kashe injin wankin yayana da hannuna. Yana da shagon wanki a unguwar Kirkissoye, kuma wannan ƙaton inji shi ne rayuwar shagon. Shekaru ya yi yana ɗinki a Babbar Kasuwa kafin ya mallake shi. Da zai tafi Maraɗi jinyar mahaifiyarmu, ya damƙa mini makulli, ya ce amana ce. Ni kuwa a lokacin kaina rawa yake, gani nake babu abin da ban iya ba.

Saura kwana uku azumi, mutanen unguwa suka kwaso dardumomin masallaci kamar yadda aka saba duk shekara, a wanke kafin a fara asham. Na cusa wata mai kauri ita kaɗai. Wanki ya tafi lafiya lau, amma da aka zo matse ruwa, gangar ciki ta ɗauki gudu, sai injin ya girgiza ya tsaya. Na tayar, ya sake tsayawa, har sau huɗu. Na buɗe murfin baya ina tsaki, na ga wani siririn ƙarfe a gefen ganga. Da ta karkata ta taɓa shi, sai ya yanke wuta. Na ce ashe kai ne munafukin. Na yanko robar tayar babur, na ja ƙarfen baya na ɗaure tamau, yadda muke ɗaure komai a garin nan, daga famfo har ƙofar taksi.

Injin ya tashi bai tsaya ba, har na fara yaba wa kaina. Can sai ƙara ta sauya. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata, injin yana fizgar ƙusoshin da suka kafe shi a siminti kamar rago ya ga wuƙa. Wallahi daskarewa na yi. Allah ya sa wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan Damagaram da ya tsufa a gyaran injuna, ya shigo karɓar bargonsa. Shi ya ture ni gefe ya danna jan maɓallin tsayarwa.

Bai zage ni ba, kuma hakan ya fi mini zagi ciwo. Ya leƙa baya, ya ga robar, ya dube ni.

"Ɗana, wannan ƙarfen shi ne bakin injin. Yana gaya maka ya sha wuya, kai kuma ka toshe masa baki."

Ya je gida ya ɗauko kile, abin kwance noti. Ya sa na cire wuta gaba ɗaya, na fitar da dardumar, domin ganga ta zauna daidai babu kaya. Robata ta riga ta lanƙwasa mazaunin ƙarfen, sai da ya miƙar da shi. Ya sassauta noti biyu, ya matsar da ƙarfen kaɗan, ya ɗaure, ya tura gangar da hannu har muka ji ƙas. Ya yi ta maimaitawa, ni dai gumi kawai nake. Ya ce in ya matso da yawa, ko tawul zai tsayar da injin. In ya yi nisa kuma, daidai yake da babu. Na ƙarshe ni ya ba kilen. Sannan muka ƙara ɗaure ƙusoshin ƙasa, ɗaya har ya fito rabi. Ya nuna mini darduma biyu-biyu ake sawa, nauyi ya fuskanci nauyi.

Na roƙe shi kada yayana ya ji. Ya ce shi ba zai faɗa ba, amma in ina son in iya duban idonsa, ni in faɗa.

Ranar da Yaya ya dawo na faɗa masa komai. Ya shafa jikin injin, sannan ya ce, "Sa takalminka, mu je mu gode wa Baba."

Dattijon nan ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, har yau ina sa shi a addu'a. A wurinsa na koyi cewa abin da ya tsayar da kai ba lalle maƙiyinka ba ne. Inji ko mutum, in ya ce mini dakata, yanzu nakan tsaya in ji dalili.