Katangar Tsakiyar Titi

Gidanmu na gado yana gefen titin da ya nufi Kano, ta ɓangaren Sabon Gari, maƙabartar da iyayenmu suke kwance kuwa tana ƙetare. Tun ina yaro haka na ga ana yi: a sallaci mamaci a ƙofar gida, a ɗauki makara a kafaɗa, wannan ya karɓi wancan, a tsaya bakin titi, motoci su dakata, a haye. Ba mu taɓa sa gawa a mota ba.

Shekarar da aka zo faɗaɗa titin, ita ce shekarar da wana ya kwanta ciwo. Ni a Samaru nake zaune, kullum bayan la'asar sai in shiga bas in je duba shi. Ga cunkoso a Kwangila, yau a bi nan, gobe a tarar an toshe. Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar katangar kankare da aka fara zubawa a tsakiyar titin. Ba ƙofa, ba rata. Daga kudu ta taso, tana matsowa a hankali zuwa daidai inda muke hayewa.

Yaya ya riga ya faɗa mini abin da yake so. Kusa da Inna za a sa shi, kuma a kafaɗa za a kai shi. Ya ce shi da ya ɗauki rabin dattawan unguwar nan, ba za a loda shi bayan akori-kura kamar buhun masara ba. Wata rana da na je, ko amsa sallamata bai gama yi ba sai ya tambaya.

"Ina katangar taku ta kawo?"

"Ta wuce gidan mai, Yaya."

"To, ni da ita za a ga wanda zai riga."

Shi da dariya yake faɗa, ni kuwa zama ya gagare ni. Na koma sauka tun kafin in kai gida, in bi gefen titi a ƙafa ina duba inda aka tsaya. Na tambayi leburori, suka ce akwai gadar ƙafa da za a yi, amma ba su san yaushe ba, kuma wurin juyawar motoci yana can gaba da nisa. In na ɗaga hannu bayan salla ina roƙa masa lafiya, sai in tsinci hankalina a bakin titi. In yi istigfari in sake farawa.

Akwai abokinsa tun na ƙuruciya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista, da yake zuwa daga Jushi a kan keke. Da ya ji zancen sai ya ce in abin ya gagara, Yaya ya zo wajensu, tasu maƙabartar ba sai an haye titi ba. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce Allah ya kiyaye, da waƙe-waƙen nan naku ina mutum zai samu barci.

Wata Laraba na sauka na tarar katangar ta wuce mu. Na daɗe a tsaye, na dafa ta, da sauran danshi. Da na shiga na samu Yaya zaune yana shan kunu. Na faɗa masa. Ya ajiye ludayin, ya tambayi tsayinta, na nuna ƙirjina.

"Ashe ba ta kai kafaɗa ba," in ji shi. "Ku rabu biyu. Masu ƙarfi su haura tukuna, ku miƙa musu ni ta sama."

Ya ƙara makonni bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa, da hantsi. Muka yi yadda ya ce. Abokin nasa ya shiga titi da sandarsa ya tsayar da motoci, wata tirela ta yi ta huci kafin ta tsaya. Samari suka haura. Ina riƙe da makarar ta wajen kai muka ɗaga, na ji nauyin ya bar hannuna, ya koma kafaɗun da suke ƙetare. Yaya bai taɓa kankaren ba.

Sai a lokacin na lura ni ba zan iya haurawa ba. Na gwada, gwiwa ta ƙi. Mu tsofaffi muka tsaya muna kallon makara tana nisa, motoci suka fara matsa mana da ham. A Keke Napep muka zaga ta wurin juyawar nan, ina ta ce wa direban ya yi sauri. Mun isa an riga an jera itace, na dai samu na zuba ƙasa da hannuna. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna a rahama.

Gadar har yau ba a fara ba. Gwiwar tawa kuma ta ƙara lalacewa. Duk ran da na je gida nakan sauka a wurin, in tsaya jikin katangar, in duba ko an kawo ƙarafa.