Fitilar da Inna ta hana kashewa

Ƙanena ne ya kawo murjani gidanmu a unguwar Bulabulin. Ba irin na sarƙar wuya ba, mai rai, wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Daga Legas ya ɗauko shi a cikin kular ƙanƙara lokacin da ya baro aikin tashar jiragen ruwa, haɗe da akwatin gilashi da buhun wani gishiri na musamman.

Na ce masa, "Kai dai ba ka da aikin yi. Garin da ruwan sha ma sai an jira mai ruwa, a nan za ka kafa teku?"

Ya yi dariya. "Yaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai dai haɗa min fitila."

Gyaran rediyo da tocila ne sana'ata, don haka ba ni da hanyar zillewa. Na yanko alminiyon daga tsohuwar taga, na jera ƙananan ƙwayayen LED a kai, shuɗaye sun fi farare yawa kamar yadda ya ce, na liƙe su da dalma. Ta farko ba ta yi sati ba zafin garin nan ya gasa ta. A ta biyu sai na ɗaura mata fankar wata matacciyar kwamfuta, na jona da batirin sola. Da muka kunna, wannan abu mai kama da dutse ya buɗe wasu 'yan yatsu kore-kore yana kaɗa su. Wallahi ya burge ni, amma ban nuna masa ba.

Doka ɗaya ya kafa: a kunna da hantsi, a kashe da an kira magariba. Ya ce shi ma murjani barci yake yi. In aka bar masa haske dare da rana, zai koɗe, ya yi fari, ya mutu.

Hatsarin mota ne ya ɗauke ƙanen nawa, a hanyar Damaturu. Ban yi kuka ba. Mutane na zuwa, ina miƙa hannu, ina cewa amin. Ko yunwa ban ji ba.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, da aka kira magariba, ƙafata ta kai ni ɗakinsa. Mahaifiyarmu na zaune a tabarma gaban akwatin. Na kai hannu makunni.

"Bar ta," in ji Inna.

"Inna, ai shi ya ce…"

"Na ce ka bar ta. Can kun baro min shi a duhu, nan ma duhu?"

Na janye hannuna.

Da aka watse zaman makoki na sake gwadawa. Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. A lokacin ta riga ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakin. Nan take salla, nan take jan carbi, kuma in ba a gaban wannan shuɗin hasken ba, ko loma ɗaya ba ta kaiwa baki.

Na yi dabara, na cire wayar layi ɗaya na ƙwayayen don hasken ya ragu. Washegari ta ce, "Fitilar nan ta dushe. Ba kai ne mai gyara ba?" Na mayar da wayar. Har batir na ƙara, don kada ta ɗauke kafin rana ta fito. Na san abin da nake yi sarai. Murjanin shi ne abu mai rai ɗaya tak da ƙanena ya bari, ko aure bai yi ba. Amma Inna tana cin abinci.

Daga kan rassansa murjanin ya fara koɗewa. 'Yan yatsun suka rage fitowa, daga baya suka daina. Kullum in na shiga gaishe ta sai na duba inda farin ya kai, yadda mutum ke duba agogo. Ban ji komai ba.

Wata safiya na kai mata koko, na tarar fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun yana raye.

"Zo ka gani," ta ce. "Ka ga yadda ya yi fari tas? Alhamdulillahi. Yaron nan yana cikin haske."

Na duba. Babu sauran ɗigon kore ko ɗaya.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta karɓi kokon ta shanye duka. Har yau ina canza masa ruwa, ina auna gishirin daidai yadda ƙanena ya koya min.