Tafinta da Sabon Ganye

Shekara ashirin da huɗu Tafinta ya yi yana tsayawa tsakanin alƙali da jama'a a ƙaramar kotun bayan kasuwa, kuma ba a taɓa jin ya ce bai gane ba. Gajere ne, mai ƙaton tabarau da biro uku a aljihu, ɗaya kaɗai ke rubutu. In Turanci ya yi masa tauri, sai ya gyara murya, ya ƙera nasa, ya miƙa wa mutane da zafinsa. Matarsa takan ce ko takardar magani ka ba shi sai ya yi mata ƙari.

Wata Talata aka kawo wani makaniki da ya yi dambe a gareji. Mahaifiyarsa na zaune a bencin gaba, ta zabga tagumi. Lauyan makanikin ya miƙe yana roƙon sassauci da Turanci. A cikin zancen lauyan, Tafinta ya tsinci kalma uku: juyawa, sabo, ganye. Ya waiwayo da ƙarfin gwiwa.

"Lauya ya ce wannan bawan Allah ya canza ganye. Yanzu sabo yake sha."

Tsohuwar ta sauke tagumi a hankali, ta cire takalmi ɗaya.

"Dambe aka ce min ka yi," ta ce da ɗanta. "Ashe har da tsohon ganye akwai?"

"Inna, wallahi ko sigari ban taɓa riƙewa ba."

Sai da ɗan sanda ya shiga tsakani. Alƙali ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ɗage zama na minti goma.

A ofishin rajista, dattijuwar da ke buga takardun kotu ta tura wa Tafinta kujera.

"Malam, ba ganyen bishiya ba ne, balle na zuƙa. A da can, Turawa ganye suke kiran fallen takardar littafi. In ka ɓata shafi da rubutu, sai ka juya ka samu fari tas. Lauya cewa ya yi mutumin ya sauya hali gaba ɗaya."

Tafinta ya buɗe baki zai ce ai ya sani, sai ya fasa. Abin da ke yi masa yawo a ido fuskar tsohuwar ce lokacin da ta dubi ɗanta. Ya tuna mutum nawa suka koma gida da maganar da ba wanda ya faɗe ta sai shi.

Da aka dawo, ya durƙusa gaban tsohuwar a bainar jama'a.

"Inna, laifina ne. Ɗanki ba ya shan komai. Ni ne ban gane ba."

"To ka riƙa tambaya mana, ɗan nan," ta ce, tana mai da takalminta.

Ya kuwa riƙe maganar da hannu biyu. Aka sallami makaniki da gargaɗi, Tafinta ya sayi ƙamus mai nauyin bulo. Tun daga ranar lauya ba ya kai ƙarshen jimla sai ya ga hannun Tafinta a sama.

"Ranka ya daɗe, a maimaita."

Shari'ar awa ɗaya ta koma awa uku. Rannan alƙali ya kira shi gefe, ya ce ko zai ɗan rage tambaya, mutane na jin yunwa.

Tafinta ya ciro biron da ke rubutu. "Ranka ya daɗe, in rage kamar nawa?"