Lamba Sha Bakwai

Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba. Da niyyata in ci gaba da shiru, amma hotunan Malam Garba da kuke ta ɗorawa, kowa na rubuta "uban al'umma ya tafi", su suka ƙular da ni.

Tarin fuka na yi. Na faɗa da bakina, masu raɗa sai ku huta.

Da tari ya fara. Ni mai gyaran babur ne a Kibiya, sai na ce hayaƙi ne. Na shanye kwalba uku ta maganin kemis. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi, sai wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Ranar da na ga jini a kakina, ƙafa na sa na rufe shi da ƙasa. Ko matata ban gaya wa ba.

Malam Garba ne ya gano ni. Ga wanda bai san shi ba, shi ya koyar da ni a firamare, ya koyar da rabin garin nan. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a kowa na rububin kujerar kwamiti, shi kuwa kekensa ya hau yana bin gidajen marasa lafiya, ba ko sisin kowa. Haka ya tsufa.

Ya tsaya gaisawa a bakin garejina, ya ji na yi tari sau biyu.

"Lamba sha bakwai," ya ce. Lambata ce a rajistar aji huɗu, bai taɓa mantawa ba. "Wannan ba tarin hayaƙi ba ne. Gobe sai Rano."

A asibitin Rano aka ba ni 'yar roba in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirji. Kuɗin mota da na hoto kawai na kashe. Da sakamako ya fito, yarana kawai nake tunani.

Ma'aikaciyar ta ce, "Ana warkewa, kuma maganin kyauta ne. Amma wata shida, kullum, da wanda zai tsaya ya ga ka haɗiye. Wa zai tsaya maka?"

Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Ni."

Kullum bayan asuba sai in ji ƙarar keke.

"Lamba sha bakwai."

"Firezan sa," in amsa kamar ana kiran suna a aji.

In haɗiye ƙwayoyin kafin in karya, ya ce in buɗe baki ya leƙa, sannan ya yi maki a kati da jan biro. Da fitsarina ya koma ja na tsorata, ya ce aikin maganin ne, in daina raki.

Ku kuwa me kuka yi? A majalisarmu aka ware min kofin shayi, daga baya aka daina ko miƙo min hannu, ko da asibiti suka ce na daina yaɗa cutar. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Malam. A masallaci mutane suka riƙa barin tazara tsakaninsu da shi a sahu, wai yana shiga gidan mai tari. Wani da ya sauya sahu saboda shi, jiya na ga ya rubuta masa ta'aziyya mai layi ashirin. Ka san kanka.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. A wata na uku na ji ƙarfi, damina ta kankama, na tafi gonar kawuna a Fammar, na bar maganin a gida. Na ce ai na warke.

Kwana na huɗu ina tsakiyar kunyar gona na hango tsoho yana turo keke a cikin taɓo. Mutumin da ya haura tamanin. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"Habibu, a aji huɗu ka gudu ana gobe jarrabawa, na bi ka. Har yanzu ba ka girma ba? Buɗe baki."

Da ruwan buta na haɗiye ƙwayoyin da ya kawo min, ina kuka kamar yaro.

Bayan 'yan makonni Malam ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya ƙi magana. Likita ya ce hawan jini ne. Allah ne masani, amma tafiyar nan ta Fammar ba ta bar zuciyata ba.

Sai na koma ni ke zuwa gidansa. In zauna a gefen katifa in haɗiye, ya karɓi biro da hannun hagu ya yi maki a karkace. Sati shida ina zuwa. Takalman da na riƙa tararwa a ƙofar ɗakin, na iyalinsa ne kawai. Ina ɗalibansa na shekara da shekaru? Ina masu hoto?

Ya rasu saura kwana tara in gama.

Washegari ƙafata ta kai ni gidan da kanta. Na tsaya a zaure da ƙwayoyi a hannu, ban san abin da zan yi da su ba. Sai na ji muryar Iya, matarsa, tana cikin takaba:

"Lamba sha bakwai. Shigo, ɗan nan."

Iya ba ta yi boko ba, amma ta ga yadda yake yi. Maki tara na ƙarshe a katina nata ne, da jan bironsa.

An sake gwada kakina. Babu komai. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka duba ni, da matata da ba ta taɓa ware min kwano ba, da Iya.

Tari ya wuce sati biyu, ku je a gwada. An ɗora ku a magani, kada ku tsaya don kun ji sauƙi. Mai jinya kuma ku je masa tun yana iya ganinku. Gidan Malam na nan inda kuka sani, Iya na ciki, ku ajiye waya ku taka.

Allah ya jiƙanka, Malam. Na gama, ban gudu ba.

Firezan sa.