Gwaggo Buɗe-Mu-Gani

Akwai wani hali da ya yawaita a cikin mutane, wato raina wahalar tafiyar da ba su ne za su yi ta ba. Da zarar sun ji wani zai hau jirgin sama, sai su ɗauka ƙiftawar ido ce, su tara masa saƙonni a ɗaure, har su ji haushi idan ya tambayi abin da ke ciki. Alhali wanda ya ɗauki kaya shi ne zai amsa tambaya a kansa, mai ɗaurin kuwa yana gida yana barcinsa.

Na san wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta ƙi yarda da wannan. 'Yarta tilo tana aure a wata ƙasa mai nisan gaske. Tsakanin filin jirginmu da nasu tafiyar yini ce da kwana, da sauyin jirgi a tsakiya, kuma kafin ta sauka ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk da haka, kowace shekara takan je ganin jikokinta. Ta kuma san cewa ranar da aka sami haramtaccen abu a akwatinta, an rufe mata wannan hanya ke nan har abada.

Saboda haka ta kafa doka: duk mai saƙo sai ya kwance shi a tsakar ɗakinta, a gaban idonta. Yaran dangi suka laƙaba mata Gwaggo Buɗe-Mu-Gani, ita kuwa ta amsa sunan.

Wata shekara yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya zo da kwali a liƙe ta ko'ina.

Ya ce, "Ki kai wa ɗan abokina. Zai tare ki a can."

Ta ce, "Yaya, mene ne a ciki?"

"Ni ma haka aka ba ni. Mutumin kirki ne."

"To, mutumin kirki ba ya tsoron almakashi. Ga shi nan kusa da kai."

"Ni za ki bincika kamar ɓarawo? Ni da na goya ki?"

"Ka goya ni, Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma in an tsayar da ni a can, ba wanda zai tambaye ni wa ya goya ni."

Ya ɗauki kwalinsa ya fita ba sallama. Dangi suka ce ta yi fitsara. Ni ban ga haka ba. Mai yiwuwa takalma ne kawai a kwalin, amma wannan ba ya rage mata gaskiya, domin shi kansa yayan bai san abin da yake neman ɗora mata ba.

Bai ƙara taka gidanta ba. Duk dawowa takan je gaishe shi, ya amsa daga bakin ƙofa, har ya rasu. Ta yi kukansa sosai, amma ba a taɓa jin ta ce da na sani ba. Ta ci gaba da tafiyarta har gwiwoyi suka gaza, sai ta zauna wurin 'yarta. Can ta ƙarasa kwanakinta a cikin jikoki.