Geron da na zuba a leda

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Dutse, malamina ya ba ni bincike kan tsofaffin irin gero da suka fara ɓacewa. Lokacin ina ji da kaina, kai ka ce ni na ƙirƙiro noma.

A wani ƙauye gaba da Taura aka kai ni wurin wani dattijo mai irin da babu shi a hannun kowa, gero ne gajere, mai nuna da wuri. Daga kakansa ya gada. Zangarniya shida ya ware na iri, a rataye da igiya saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Ya ba ni aron uku, a kan in na shuka a gonar makaranta in dawo masa da iri. Ya ja kunnena kada in sussuke su, in rataye su inda hayaƙi zai riƙa samunsu.

Na ce to, a raina kuwa dariya nake yi. Ina komawa na sussuke, na zuba a leda mai tsabta, na manna lamba, na jefa a durowar ɗakin gwaji. Ba a jima ba aka shiga yajin aiki, aka rufe ko'ina. Da muka dawo damina ta wuce, gari kawai na tarar a ledar, ƙwari suna yawo a ciki.

Kunya ta hana ni komawa har bazara ta zagayo, sai da malamina ya matsa mini. Na tafi ina lallashin kaina cewa ai yana da sauran ukun. Ashe ya shuka su, ambaliya ta cinye gonar tun gero bai fid da kai ba.

Ya tarbe ni da murna, ya kai ni bayan gida, ya nuna mini ɗan filin da ya share ya zuba wa taki yana jirana. A nan na durƙusa na gaya masa. Sai ya tambaye ni:

"Kin rataye su a hayaƙin, 'yata?"

"A'a, Baba."

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Fura ma ya sa aka kawo mini, na kasa sha. Har yau abin yana ci mini rai.

Da zan tafi na leƙa madafa in yi wa matarsa sallama. Igiyar tana nan saman murhu, ba komai a jikinta.